A gwada kafin a ce sikirin ya mutu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da abokan sana'ata masu gyaran kwamfuta, da kuma masu kawo mana gyara. Ni mai gyaran laftof ne a nan Jos, wajen Taminus, kuma akwai wata magana da ta zama ruwan dare a shagunanmu wadda take damuna ƙwarai: "Sikirin ya mutu, sai dai a sa sabo." Mutum zai shigo da laftof, fuskarta ta yi baƙi ko tana rawa, ko kusa ɗaya ba a kwance ba, an yanke mata hukunci. Waɗanda abin ya fi shafa kuwa ɗalibai ne, irin 'yan Jami'ar Jos da ke tsakiyar rubuta furojet, da masu shagon buga takardu da laftof ɗin ce abincinsu. Sikirin daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa yana bin dala, ba ƙaramin nauyi ba ne a ɗora wa yaron da iyayensa suka yi ƙoƙari suka saya masa ta hannu.

Gwajin farko ko sisi ba ya ci. A jona laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI, ko VGA idan tsohuwa ce, a danna maɓallin Windows tare da P. In hoto ya fito tas a talabijin, injin yana fitar da hoto lafiya ƙalau, galibi matsalar tana cikin marfi. In kuwa zane-zanen da ke kan laftof sun bayyana a talabijin ma, to sikirin ba shi da laifi. A nemi abin a direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoto, ko a kan bod, babban allon da ke cikin injin. Ko sabo fil aka sa, zanen zai dawo.

A cikin marfin ma, abin da na fi zargi shi ne fleksi, siririyar wayar nan da ke ɗauko hoto daga bod, ta ratsa ta hinji, ta shiga bayan sikirin. Duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwashe. A Jos kuma muna da ƙurar hunturu da ke shiga hinji ta sa ya yi tauri, ga mutanenmu da buɗe laftof ta kusurwa ɗaya da ƙarfi, wasu har su ɗaga ta ta marfi. Alamarta ba ta ɓuya. Motsa marfin a hankali, gaba da baya. In hoton yana zuwa yana ɗaukewa, ko launi ya juya ja ko kore, ko fuskar ta yi fari fat sannan ta dawo, fleksi ce. Wani lokaci ba ta ma tsinke ba, bakinta ne kawai ya ɗan zare. A mayar, a manne da tef, a sassauta hinji, shi ke nan. Ko da sauyawa za a yi, kuɗinta bai kama ƙafar na sikirin ba.

Sai baƙar fuska. A kunna laftof, a haska tocilar waya dab da gilashin. In an hango hoto dishi-dishi, fanel, wato gilashin da ke nuna hoton, yana aiki, fitilar bayansa ce ba ta kama ba. Tsofaffin laftof suna da ɗan inbata mai ba fitilar wuta a ƙasan sikirin, shi ne ke yawan mutuwa. Na yanzu masu fitilar LED kuwa, sau da yawa ɗan fis ne ya ƙone a kan bod. A nan nake roƙon abokan aiki don Allah: wannan fis ɗin galibi a hannun masu gyara yake ƙonewa, idan aka zare fleksi ko aka mayar alhali batir yana jone. Batir ɗin yanzu a ciki yake, cire caja kaɗai bai wadatar ba. Na sha karɓar laftof da aka kai wani wuri da ƙaramar matsala ta dawo ba haske, an ce wa mai ita dama can ta mutu. Wannan haƙƙi ne.

In kuma fanka tana juyawa amma ba hoto ko a talabijin, a zare RAM, ɗan katin ƙwaƙwalwar injin, a goge a mayar kafin a taɓa komai. Masu Dell suna da sauƙi: a riƙe D a danna maɓallin kunnawa, sikirin zai gwada kansa da launuka ɗaya bayan ɗaya.

Ba na cewa sikirin ba ya lalacewa. In an ga tabo kamar an zubar da tawada, ko tsagewa daga ciki saboda an rufe marfi a kan biro ko an danne ta a jaka, ko zane a tsaye da ba ya motsi kome aka yi wa marfin, wannan sai sabo. Amma a duba lambar da ke manne a bayan tsohon. Inci 15.6 ba duka ɗaya ba ne. Wani bakin da fleksi ke shiga yana da fil 30, wani 40, in aka cusa wanda bai dace ba ana iya ƙona bod.

Ku kuma masu kawo gyara, ku ce a gwada a gabanku, ku karɓi tsohon kayan da aka cire. Sannan ku riƙa biyan kuɗin dubawa da daɗin rai, domin rashin biyansa na cikin abin da ke sa wasu gaggawar sayar da sikirin. Iyayen gidanmu da ke da yara a shago, kada a miƙa wa yaro sukuddireba sai ya iya waɗannan gwaje-gwajen.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai gyaran laftof,
Taminus, Jos.