Wasiƙar Godiya Ga Hukumar Samar Da Wutar Lantarki A Karkara

Zuwa ga Shugaban Hukumar Samar Da Wutar Lantarki A Karkara (REA), Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne da yawun masu sana'ar hannu na garinmu, da ke gab da iyakar Najeriya da Nijar. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa muka ga ya dace godiyarmu ta fito fili kowa ya ji.

Mu mutanen bakin iyaka mun saba komai sai ya gama zagaya birane kafin ya iso mana, in ma ya iso. Turakun wuta a hedikwatar ƙaramar hukuma suke tsayawa, domin jawo waya mai nisa saboda 'yan gidaje ba ya fitar da ɗan kasuwa. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ce mutum miliyan 85 ne a Najeriya ba su da lantarki, kuma muna cikinsu. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hatta janareton da muke lallaɓawa da shi ya gagari mai ƙaramin ƙarfi.

Yau ga farantan sola jere a bayan gari, an kewaye su da waya, ga ɗakin batura a gefe, kowane gida da mitarsa. Ka sayi wutar daidai ƙarfinka, ba mai zuwa ya yanka maka kuɗi da ka. Mai walda da a da sai ya ɗora ƙofa a kan babur ya kai wani gari, yanzu a ƙofar gidansa yake aiki, har da yara biyu masu koyo. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli sun daina tura gyaɗa markaɗe nesa, injin yana nan kusa da kasuwa, man da ƙulin duk a gida ake fitar da su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne asibitin sha-ka-tafi: firjin allurar rigakafi ba ya mutuwa, ungozoma kuma ta daina karɓar haihuwa da tocilan a baki.

Sai dai babban abin yabon, a ganina, shi ne tsarin da kuka bi. Ba kwangila aka ba wani ya kafa ya kama gabansa ba. Kamfani ne ya zuba kuɗinsa ya gina, hukuma kuma ba ta biyan shi tallafi sai an tabbatar da gidajen da ya haɗa wa wuta. Daga nan abincinsa yana cikin wutar da muke saya, don haka in ta lalace shi ne farkon mai asara. Mun ga rijiyoyin burtsatse da yawa da suka mutu bayan bikin buɗewa saboda ba mai su. Wannan da mai shi, kuma har an koya wa samarinmu goge farantan da ƙananan gyare-gyare.

Mun san aikin ya faro da shirin da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 350, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200, aka buɗe tashar farko a Rokota ta jihar Neja a 2019. Mun kuma ji labarin shirin DARES, wato sabon shirin faɗaɗa wutar sola, na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, mai burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5.

A kansa ne muke da roƙo. Ku sa garuruwan iyaka da rugagen makiyaya a sahun gaba, don maƙwabtanmu da dama har gobe a duhu suke kwana. A duba farashin wutar domin talaka. Sannan a taimaka wa masu sana'a da rancen injina, a biya sannu a hankali, domin akwai teloli da masu niƙa da wutar ta iso ƙofarsu amma ba su da abin jonawa.

Muna miƙa gaisuwa ga ma'aikatanku da suka sha rana da rairayin hanyarmu ba tare da ƙosawa ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku ƙwarin gwiwa.

Naku,
Sakataren masu sana'ar hannu, a madadin jama'ar gari.