Kibiya ɗaya ta raba ni da abokan wasana

Assalamu alaikum Anti. Daga Samaru nake rubuto miki, kuma tun Asabar da ta wuce ban yi barcin kirki ba.

A kan wasa ne, don Allah kada ki yi dariya. Ba caca ba ce, ko sisi ba ma sawa, na gaji da yi wa Mama wannan bayanin. Mu shida ne, mukan zauna a tabarma bayan la'asar. Ni ne mai jan labari, kowa kuma yana riƙe da jarumi ɗaya, in zai yi wani abu sai ya jefa 'ya'yan ludo a ga ko ya dace. A Zazzau ta zamanin Sarauniya Amina na kafa labarin, da ganuwa da dawaki da lifidi. Shekara guda ina rubuta shi, da kuɗina na buga takardun.

Tsarin da nake bi sunansa GURPS, a Amurka aka fitar da shi a 1986. 'Ya'yan ludo uku ake jefawa, masu fuska shida. Kowane zagayen faɗa daƙiƙa ɗaya ne. Akwai dokar inda makami ya same ka, ko hannu ko cinya ko wuya, akwai ta nauyin kaya, akwai ta zubar jini, kuma rauni a hankali yake warkewa, kwana bayan kwana. Shi kuwa wani abokina a cikinmu wani tsarin yake so, mai suna Dungeons & Dragons, fitowar 2014, mai ɗan ludo mai fuska 20. A can sai a sare ka da takobi sau uku, ka yi hutun awa takwas, ka tashi garau. Wane barde ne aka taɓa yi haka, fisabilillahi?

To ranar Asabar ɗin, bardensa na cikin wasan ya cire sulke wai nauyi na hana shi gudu. Na gargaɗe shi, sau biyu ma ina ji, ko dai sau ɗaya. Kibiya ta same shi a cinya, jini ya ƙi tsayawa, ya mutu. Ba ni na kashe shi ba, lissafi ne. Na yarda lissafin ya ɗauke ni kusan minti arba'in ina duba shafuka a waya, amma ai adalci nake nema. Sai ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce ni ba mai labari ba ne, malamin haraji ne. Duk suka kwashe da dariya, har wanda ni na koya masa wasan.

Dama can mutum ne mai son a ce shi ne gaba, tun muna sakandare haka yake. Yanzu ya buɗe sabon zaure a WhatsApp babu ni, ya kwashe mutum huɗu zuwa gidansu a Tudun Wada, yana cewa a wurina faɗa ɗaya kan kai mu har magariba. An taɓa yi, ban musa ba, amma sau uku ne kacal. Nasa tsarin ma ai ba ƙananan dokoki ne da shi ba, kawai a tsafi aka tara su.

Na manta ban gaya miki ba, shi ne yayan yarinyar da nake nema. Tun ranar ba ta amsa min sai da "to". Kuma ashe sunan marigayi kakansu ya sa wa barden, wata takwas yana wasa da shi. Wai ya faɗa tun farko, ni ban tuna ba.

Anti, in na dawo da barden da rai na karya dokar da na tsaya a kanta, gobe kowa zai nemi a yi masa haka. In na bi su Tudun Wada kuma, na zauna ke nan a ƙarƙashinsa. Ranar Juma'a ce ranar zancena, kuma shi yake yi min sallama da ita. In ya fito zaure me zan fara ce masa?

Ɗanki daga Samaru, Zariya