Zuwa ga 'Yata: Ki Huta da Binciken Cuta a Waya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kin koma makaranta lafiya. Ƙanwarki ta gaya wa mahaifiyarku wai har ƙarfe biyun dare tana ganinki a WhatsApp, kuma zancen duk na ciwo ne. Yau maƙogwaro, gobe ƙirji, jibi kin gani a Google wai huhunki ne ya taɓu. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Ban ga laifinki ba don kin tsorata. Tun da aka samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka rufe makarantu a Maris, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya ɗora har Disamba, ba ku da abokin hira sai waya. Ga kuma jana'izar dattawa da Kano ta sha a watan Afrilu. Wanda ya ga wannan, ko tari ya yi sai gabansa ya faɗi.

Sai dai Google ba ya taɓa goshinki ya ji zafi. Bai san sauro ya cika ɗakin kwananku ba, bai san hazon hunturu ya sa rabin ajinku tari ba. Zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da mura, da korona, duk da zazzaɓi da ciwon kai suke farawa, gwaji kaɗai ke raba su. Shi kuwa zai jero miki su duka har da sankara, idonki kuma kan mafi muni zai tsaya. Daga nan tsoron kansa ya sa zuciya bugawa, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe. Ki ce to ga alama ta bayyana, ki koma ki sake dubawa, barci ya gagara, da safe ki tashi da ciwon kai na gaske. Waswasi ne, Uwata, kuma duba waya ba ya kashe shi, ciyar da shi yake yi.

Kina ƙarama lokacin Ebola a 2014, da aka riƙa tashin mutane da asuba ta waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har rai aka rasa. A Maris ɗin 2020 ma an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka wa cikinsu kulorokwin, don kawai sun ji shugaban Amurka ya yabe shi. Masu ilimi ma suna ciki, kada ki ce boko zai tsare ki.

In jikinki ya yi zafi, ko kin daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ki sa takunkumi ki tafi asibitin makaranta a duba ki. In numfashi ya yi wuya, kada ki jira gari ya waye. Labarin korona kuwa, abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar ya ishe ki, sau ɗaya a yini, da rana. Bayan sallar isha'i ki sa wayar a caji nesa da gado, ki yi addu'ar barci. In tsoron ya ƙi sakinki, ki faɗa wa likitan shi ma, ba abin kunya ba ne.

Na tura miki kuɗin gwajin jini da na sabulu. Ki kira ni ranar Juma'a in na dawo daga masallaci, ki gaya mini abin da likita ya ce. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki