Kafin a raina Fortran, a san daga inda ya fito

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarmu in ja hankalin ɗaliban lissafi da kimiyya na Garwa, Marwa da Ngaundere. Da yawansu idan aka miƙa musu tsohuwar manhajar da aka rubuta da Fortran, yaren rubuta umarnin kwamfuta, don aikin kammala karatu sai su yatsine fuska, su ce yaren kakanni ne. Ya tsufa kam, amma mafi yawan manhajar hasashen yanayi ta WRF da shi aka rubuta. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne ba a gaya musu dalilin ƙa'idojinsa ba.

A ƙarshen 1953 John Backus ya kai wa shugabanninsa na kamfanin IBM a Amurka shawarar a samar da hanyar da masani zai rubuta lissafinsa kusan yadda yake yi a takarda, na'urar IBM 704 ta fassara da kanta. Masu rubuta umarnin na'ura da hannu ba su yarda fassarar za ta kai tasu sauri ba, don haka ƙarfin aikin ya tafi kan ingancin mai fassarar. Ta fito a Afrilun 1957 da umarni iri 32. A 1958 FORTRAN II ya ba da damar raba aiki gida-gida, a fassara kowane ɓangare daban.

A kan katin da ake hudawa ake rubutu a lokacin, layi ɗaya kati ɗaya, mai gurbi 80. Gurbi na 1 zuwa 5 na lambar layi ne, na 6 alamar cewa layin ci gaban na baya ne, na 7 zuwa 72 umarnin kansa. Takwas na ƙarshe na jera katunan ne, domin idan kwalin ya zube a ƙasa a iya mayar da su. Katin ya tafi, ƙa'idar tana nan. Fayil mai ƙarewa da .f har yau haka ake karanta shi, duk abin da ya wuce gurbi na 72 a watsar. Sunan TOTAL na iya yankewa ya koma TOT, na'ura ta ɗauke shi sabon suna, amsa ta fito a karkace ba tare da ta tsaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne harafin farko. Duk sunan da ya fara da I, J, K, L, M ko N, tsohon Fortran cikakkiyar lamba yake ɗaukarsa. Bahaushe kuwa sunayen da za su fara zo masa su ne KOGI, LITA, MITA, NISA. Ɗalibin da ke auna tsayin ruwan Binuwai ya rubuta MITA = 12.7, na'ura ta ajiye 12, santimita 70 sun salwanta shiru. Haka 1/2 yake ba da 0, sai an rubuta 1.0/2.0. Maganin layi ɗaya ne, IMPLICIT NONE a saman kowane ɓangare, wanda Fortran 90 ya shigar cikin ƙa'ida, domin na'ura ta daina zaton nau'in suna daga harafin farko, sannan a bayyana nau'in kowane suna.

Sai matsalar da ta fi shafarmu mu da muka yi boko da Faransanci. Mun saba rubuta 3,5 da waƙafi, Fortran kuwa ɗigo ya sani. Idan fayil ɗin ma'aunin ruwan sama ya zo da 3,5 aka karanta shi da READ mai tauraro, wato umarnin karanta bayanai mai alamar *, lamba biyu zai gani, 3 da 5, duk sauran jerin ya goce. Tun Fortran 2003 ana iya sa DECIMAL='COMMA' wurin buɗe fayil. Ina roƙon malamai 'yan'uwana su nuna wa ɗalibai wannan tun makon farko, kafin su taɓa bayanan damina.

Wassalam.

Malamin lissafi,
Garwa, Kamaru.