Ƙarar da ta tashe mu cikin dare

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Wani dare a hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu, wata ƙara ta tashe mu a Ƙofar Marusa. Dum! Sau ɗaya tak. Gilashin taga ya yi rawa, kwanukan maiɗakina da ke jere kan kabad suka bugi juna, karnuka suka ɗauki haushi. Kafin mu watse daga sallar Asuba magana ta rabu: wannan ya ce bam ne, wancan ya ce tayar tirela, wani ya rantse taransifoma ce. Har yau ba wanda ya kawo hujja, sai tsofaffin hotuna da aka yi ta yawo da su a WhatsApp.

Na yi shekaru ina koyar da kimiyya, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai, don na san akwai na'urar da za ta raba wannan gardama.

Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da girgizarsa ta gaza 20 a daƙiƙa guda. Giwaye kuwa da shi suke kiran juna daga nesa. Irin wannan sauti mai kauri ba ya saurin mutuwa a iska. Babbar fashewa ko aman dutse kan tura shi dubban kilomita. Don kama shi, a kowace tasha ana binne na'urorin auna matsin iska huɗu ko fiye, a warwatsa su cikin fili mai faɗin kilomita ɗaya zuwa uku. Wadda sautin ya fara taɓawa da wadda ya riska daga baya, ɗan tsakanin nan shi ke nuna daga ina ya fito. In tashoshi biyu suka ji, inda layukan da kowacce ta nuna a taswira suka haɗu nan ne wurin.

Hukumar CTBTO da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, mai kula da yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1996, ta tsara kafa irin waɗannan tashoshi 60 a duniya. Don gadin bam aka yi su, sai ga su suna jiyo abin da ba a aike su ba. Ranar 15 ga Fabrairu 2013, da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman Chelyabinsk ta Rasha, tashoshi 20 suka ji, har da ta Antatika. Fashewar tashar jiragen ruwan Beirut a 2020 an jiyo ta a Tunisiya da Jamus. Aman dutsen Tonga na Janairun 2022 kuwa sai da sautinsa ya zagaye duniya ya sake zagayowa.

Akwai tasha a Dimbokro ta Kodebuwa, akwai a Kenya. Najeriya ba ta da ko ɗaya a cikin jerin.

Ban ce na'ura za ta hana fashewa ba, kuma iskar hunturu da rana takan cika mata kunne. Amma ƙaramar tasha ta bincike ba ta fi ƙarfin sashen kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma ba. Fili dai ba mu rasa shi ba. Ɗalibai su samu abin nazari, har da tsawar damina, hukumar agajin gaggawa kuma ta samu wanda za ta bugo wa waya ƙarfe biyun dare.

Ina roƙon ku aika wakilinku ya tambayi malaman jami'o'in nan nawa aikin zai ci, ku buga mana amsar.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Marusa, Katsina.