A Sa Masu Ƙasa Cikin Shawarar Hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan garuruwan 'yan asalin ƙasa a arewacin Manitoba ta Kanada, irin su Wasagamack, da suka ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2024 saboda hanyarsu ta ƙanƙara, wadda ke bi ta kan tafkuna da fadamu idan sanyi ya daskarar da su, ta ƙi daskarewa.

Ta nan manyan motoci ke kai musu fetur da kayan gini cikin 'yan makonnin hunturu. In ta gaza, sai jirgin sama, kuɗinsa kuwa a kan farashin madara yake ƙarewa.

Hanyar dindindin ake bukata. Amma kada a zana ta a ofis a Winnipeg, babban birnin Manitoba, sannan a kira shugabanninsu su sa hannu kawai. Su suka san inda fadama take da inda namun dajinsu ke bi. A ba su kujera da ƙuri'a tun daga zanen farko.

Naku,
Wani mai karatu