Amsa ga ƙanena injiniya kan ɗaure ayyuka tsakanin uwar fayil da 'ya'yanta a Microsoft Project

Assalamu alaikum ƙanena,

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ran nan na ga gara in amsa ta a rubuce, don wallahi ba kai kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ka ce kuna gina asibiti, 'yan kwangila uku, mai gini da mai wayarin da mai famfo, kowa da fayil ɗinsa na Microsoft Project, manhajar tsara jadawalin aiki, kai kuma ka tara su cikin uwar fayil guda, ka ɗaure "gama filasta" na mai gini da "fara jan waya" na mai wayarin. Mai gini ya makara da sati biyu amma ranar jan waya ko motsi ba ta yi ba, sannan wasu layuka masu launin toka sun fito a fayil ɗin mai wayarin har ya kira ka yana faɗa wai wa ya taɓa masa aiki. Ka ce ina matsalar take.

Toh bari in fara da layukan tokan nan tunda su suka jawo rigima. Ba ɓarna ba ce, haka manhajar take. Duk sanda ka ɗaure aiki na fayil ɗaya da na wani fayil, Project yana ajiye inuwar aikin can a cikin fayil ɗin nan, ya yi mata launin toka don a gane ba 'yar gida ba ce. Ka roƙi mai wayarin dan Allah kar ya goge, in ya goge ta ya tsinke igiyar kenan, wato haɗin da ka yi. Kuma da yake inuwar tana cin lamba a jeri, lambobin layukansa za su ɗan gusa, wannan ma ba komai. In ganinta ne ke damunsa akwai inda ake ɓoye ta, File, Options, Advanced, sashen haɗi tsakanin fayiloli, sai ya cire alamar nuna su, igiyar tana nan daram.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne, uwar fayil ba ta riƙe ayyukan, taga ce kawai da kake leƙa 'ya'yan ta ciki, muddin ka bar alamar nan ta Link to project lokacin da kake shigo da su. Haɗin da ka yi ana rubuta shi ne cikin fayilolin biyu, kuma da adireshin fayil ake rubutawa, in ka duba gurbin Predecessors, inda ake rubuta aikin da ke gaban wannan, za ka ga wani abu kamar C:\Asibiti\Gini.mpp\45, wato folda, sunan fayil, lambar aiki. Kaga duk wanda ya canza wa fayil suna, ko ya mayar da shi wata folda, ko mai gini ya turo maka sabo ta WhatsApp da suna "Gini na ƙarshe 2" kai kuma ka ajiye shi gefe, to uwar tana can tana karanta tsohon. Ni kam zargina na farko a matsalarka nan yake, don haka muke aiki a sayit, fayil yana yawo daga filasha zuwa imel zuwa waya. Ka yi folda ɗaya, uwa da 'ya'ya duk a ciki, suna ba ya canzawa har a gama gini, sabo ya zo ka ɗora shi kan tsohon da sunan nan dai, bayan ka kwafe tsohon ka adana wani wuri. Kuma fayil ɗin da za ka ba ɗan kwangila ya cike dole ya zama wanda ke ɗauke da haɗin ne, in ya ci gaba da aiki kan kwafinsa na da can kafin ka ɗaure, ranar da ka ɗora nasa kan naka igiyar ta tafi.

Haka wajen sebin, in ka rufe uwar tana tambayarka ɗaya bayan ɗaya ko ta adana canji a kowane ɗa, mutane da yawa gajiya ke sa su danna a'a, sai haɗin ya zauna a ɓangare ɗaya ko ya ɓace gaba ɗaya. Ka danna Yes to All.

In adireshi lafiya lau ne, sai ka duba aikin jan wayar kansa. Tun fitowar Project 2010 sabon aiki yana zuwa ne a tsarin hannu, za ka ga ɗan hoton fil a gefensa, irin wannan ko an ɗaure shi ba ya bin na gabansa sai ka mayar da shi na otomatik. Sai kuma halin nan na buga rana da hannu a gurbin farawa ko gamawa, wanda ke sa manhajar ta kafa wa aikin ƙaidi, ɗan hoton kalanda ya fito a gefe, in ƙaidin mai tsauri ne irin na dole a fara rana kaza to ya fi ƙarfin igiyarka. Aikin da aka riga aka sa masa ainihin ranar da ya fara shi ma ba ya gusawa. Na ƙarshe, in mai wayarin ya buɗe fayil ɗinsa shi kaɗai wani akwati yana fitowa, Links Between Projects, yana nuna ranar waje ta canza, sai an karɓa take shiga, shi kuma wataƙila rufewa kawai yake.

Wajen ɗaurewar ma akwai tarko. A cikin uwar kowane ɗa lambobinsa daga 1 suke farawa, in ka buga 45 kawai a gurbin to 45 na fayil ɗin da kake ciki zai kama, ba na mai gini ba. Ka buɗe 'ya'yan duka a cikin uwar, ka danna aikin farko, ka riƙe Ctrl ka danna na biyu, sai Ctrl da F2, shi kenan shi zai rubuta adireshin da kansa.

Yanzu shawarata ta gaske, wadda ta fi duk na sama muhimmanci a wurina. Kar ka ɗaure aiki da aiki barkatai tsakanin fayiloli, kuma kar ka taɓa ɗaure babban layin da ke tattare ƙananan ayyuka, nan ne ake samun haɗin da ke zagayowa ya ciji kansa, manhajar ta ƙi lissafi ka rasa ta ina. Ka zaunar da 'yan kwangilar uku ku fitar da wuraren miƙa hannu kawai, inda wani ke gamawa wani ya karɓa. Mai gini ya sa layi mai kwana sifili a fayil ɗinsa, "hawa na ɗaya ya shirya don waya", mai wayarin ya sa nasa mai kwana sifili, "na karɓi hawa na ɗaya", igiya ɗaya tsakaninsu, sauran ayyukan kowa su rataya a nasa layin cikin gida. A gini irin naku da wuya su wuce goma sha wani abu, kuma ran da aka zo gardamar wa ya jawo jinkiri, wanda kuɗi ne fa tunda akwai tarar makara a kwangila, layi ɗaya za ka nuna kowa ya gani da idonsa.

Kar ka manta da kalanda. Wadda ke zuwa da manhajar Litinin zuwa Juma'a ce, awa 8 a rana, alhali mai gini yana aiki har Asabar, ran Juma'a kuma ana tashi masallaci, ga hutun Sallah da wani ya sa wani bai sa ba. Kowane ɗa da kalandarsa yake lissafi, sai ka ga filasta ta ƙare Juma'a jan waya ya tsallake zuwa Litinin kana ta neman inda kwana biyu suka shiga.

In kuma kai kaɗai ne ke sabunta jadawalin, 'yan kwangilar rahoto kawai suke kawo maka, to gaskiya ban ga amfanin uwa da 'ya'ya ba, fayil ɗaya mai sashe uku ya ishe ka. Tsarin nan an yi shi ne don inda mutane daban-daban ke riƙe da fayilolinsu. Manyan kamfanoni da yawa wata manhajar jadawali mai suna Primavera P6 suke amfani da ita, ita duk ayyukan suna rumbu ɗaya ne babu zancen adireshin fayil, amma don asibiti guda ba sai ka kai can ba.

Ka fara duba adireshin da ke gurbin Predecessors na jan wayar, ka gwada shi da inda fayil ɗin mai gini yake yanzu, sannan ka duba fil ɗin nan da hoton kalanda. Ka sanar da ni abin da ka gani. Ka gaida mutanen sayit.

Naka,
Yayanka a sana'a